Kuɗin Sauyin Yanayi: Wa Zai Sa Hannu a Madadin Birni?

A gida idan hadari ya haɗo murna ake yi. A Jidda kuwa, da zarar sama ta yi duhu a watan Nuwamba sai saƙon gargaɗi ya fara shigowa waya, a rufe makarantu, mai mota ya nemi tudu ya kai ta. Mu da ke zaune a Bagdadiyya, arewa kaɗan da tsohon garin da ake kira Balad, mun san dalilin wannan fargaba.

Ranar Laraba 25 ga Nuwamba 2009, takwas ga Zulhajji, alhazai na haramar Mina, aka yi ruwa na 'yan sa'o'i. Abin da ya zuba bai kai milimita 100 ba, wanda Kano kan sha fiye da ninkinsa biyu a watan Agusta. Amma Jidda a kwance take tsakanin duwatsu da Bahar Maliya, kuma an daɗe ana gini a cikin kwarurukan da ruwa ya saba bi. Ya gangaro daga gabas, ya abka wa unguwannin Ƙuwaiza da Kilo 14, ya ɗora motoci a kan juna kamar itacen girki. Fiye da mutum 120 suka rasu, a birni na biyu mafi girma a ƙasar da ta fi kowacce sayar da ɗanyen mai.

Mako biyu bayan haka shugabannin duniya suka hallara a Kofanhegan, inda ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin tara dala biliyan 100 kowace shekara daga 2020, domin ƙasashe masu tasowa su tunkari sauyin yanayi. Tun daga ranar ake cacar baki a kan yawan kuɗin. Ni tambayata wata ce daban. Idan kuɗin sun taru, ta wace hanya za su bi su isa lambatun da ya toshe a Fagge ko kwarin da ke cin gidaje a Maraɗi? Kuma wa zai sa hannu ya karɓa da sunan birnin?

Mu fara da abin da Jidda ta yi, tunda a gabanmu aka yi shi. Sarki Abdullah ya ba da umarnin a biya iyalan kowane mamaci riyal miliyan ɗaya, ya kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin gwamnan Makka, Yarima Khalid al-Faisal. An gurfanar da jami'ai da 'yan kwangila, wasu kuma an ɗaure su. An busar da katafaren tafkin ƙazantar da ke gabashin gari, wanda mutanen Jidda suka laƙaba wa Tafkin Miski don zolaya, inda tankoki suka yi shekaru suna juye ruwan masai. Duk da haka ranar 26 ga Janairu 2011 ruwa ya dawo, madatsar Ummul Khair ta fashe, aka sake rasa rayuka. Sai a lokacin gwamnati ta damƙa kula da aikin a hannun kamfanin mai na Aramco, aka zuba biliyoyin riyal, aka gina madatsu a bakin kwaruruka da manyan magudanai masu kai ruwa teku.

Ranar 24 ga Nuwamba 2022 aikin ya ga jarrabawa. Milimita 179 suka zuba cikin sa'a shida, ruwan da ya ninka na 2009 kusan biyu ko fiye. Tituna sun cika, hanyoyin ƙarƙashin gada sun koma tafki, an rufe babbar hanyar Makka na wani lokaci. Mutum biyu hukuma ta ce sun mutu. Rai biyu ma asara ce, kuma magudanan cikin unguwanni har yau da sauransu, amma tsakanin 120 da 2 akwai abin lura.

Wani zai ce ai kuɗi ne, Saudiyya tana da su. Kafin 2009 ma tana da su, kuma an sha ware su don magudanai. Abin da ya sauya shi ne an sami mai aiki guda, mai lissafi guda, wanda za a kama idan abu ya lalace. Jidda tana da hukumar birni ɗaya, Amana, mai shugaba da kasafi da taswirar gari, kuma ba ta taɓa cika fom ɗin wani asusun duniya ba: daga Riyad kuɗinta ke zuwa.

Sai dai kuɗin da ke saukowa daga sama ba sa tambayar na ƙasa. Daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022 an bi unguwanni da dama ana rubuta kalmar "ikhla" a bango, wato a tashi, sannan buldoza ta biyo baya: Karantina, Sabil, Gulail, Petromin, Hindawiyya, Kandara, har da sassan Bagdadiyyar nan. Hukuma ta ce tsara gari take yi da kawar da maɓoyar ɓata-gari. Ba aikin ambaliya ba ne kai tsaye, dole in faɗi haka. Amma unguwannin nan su ne inda 'yan'uwanmu da ake kira Takari suka yi shekara da shekaru, wasu tun kakanninsu da suka taho hajji a ƙasa ta Sudan. Diyya ta 'yan ƙasa ce, baƙo sai dai ya kwashe kayansa ya nemi haya mai tsada a wani wuri, abin da ƙungiyar Amnesty ta yi ƙorafi a kai a 2022. Na kawo wannan ne don kada mu ɗauki Jidda madubi ba tare da ganin tsagarsa ba. Gari na iya tsira daga ruwa alhali talakansa bai tsira daga gyaran ba.

Daga Bagdadiyya tafiyar 'yan mintuna ce a mota zuwa Nuzla Yamaniyya, inda dogon benen Bankin Raya Ƙasashen Musulmi yake. An buɗe shi a 1975, yana da ƙasashe 57. Nijar tana ciki tun farko, Najeriya ta shiga a 2005 kuma tana cikin masu babban hannun jari, har ɗan Kano, Dokta Mansur Muhtar, ya riƙe kujerar mataimakin shugabansa. A ƙarshen 2019 bankin ya sayar da sukuk, wato takardun bashi irin na Musulunci, na ayyukan muhalli na yuro biliyan ɗaya, a 2022 kuma ya yi alkawarin dala biliyan 13 don ayyukan yanayi zuwa 2030. Duk lokacin da na wuce ta gaban benen nan sai in tuna Kantin Kwari a daminar 2022, ruwa ya shiga shaguna ya jiƙa dilolin atamfa da shadda. In tuna Jibiya a Yulin 2018, da Maraɗi a ƙarshen Agustan 2024 inda ruwan yini ɗaya ya ci mutum 15, da daren 10 ga Satumban shekarar da madatsar Alau ta ɓalle ta shafe rabin Maiduguri.

Shugaban ƙaramar hukumar Fagge ba zai iya shiga benen nan ya nemi rance ba. Gwamnan Kano ma ba zai iya shi kaɗai ba. Tsarin mulkin 1999 ya sa cin bashi a jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka, don haka duk rancen waje sai ya bi ta Ma'aikatar Kuɗi da Ofishin Kula da Basussuka a Abuja, majalisa ta amince, tarayya ta tsaya lamuni, sannan a miƙa wa jiha a riƙa cirewa daga kasonta na wata-wata. Ta wannan hanya Kano ta sami shirin noma da kiwo na dala miliyan 95 daga wannan banki. Ta nan ne kuma shirin ACReSAL na Bankin Duniya, dala miliyan 700 da aka amince da su a Disamba 2021, ya isa jihohin Arewa 19 da Abuja. Hanyar tana aiki, amma doguwa ce, kuma a ofishin gwamna take ƙarewa. Babban asusun yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, GCF, mai hedkwata a Koriya ta Kudu, nasa sharuɗɗan sun fi haka tsauri: sai gwamnatin ƙasa ta ba da takardar amincewa, kuma sai ta hannun cibiyar da asusun ya tantance. An kafa shi a 2010, amma sai a 2024 wata cibiyar Najeriya, Bankin Raya Najeriya na DBN, ta tsallake tantancewar.

Ba mamaki ke nan da cibiyar bincike ta IIED da ke Landan ta gano a 2017 cewa abin da aka nufa da matakin gari da ƙauye, cikin kuɗin manyan asusan yanayi daga 2003 zuwa 2016, bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. Sauran a ma'aikatu da manyan hukumomi suke tsayawa. A taron yanayi na Baku, a 2024, an ɗaga alkawarin Kofanhegan zuwa dala biliyan 300 a shekara kafin 2035. An faɗaɗa randa, moɗa kuwa tana nan yadda take.

Nan ne nake rabuwa da masu ɗora wa Turawa laifin duka. A ce yau GCF ya buɗe taga ya ce birane su zo da kansu. Wa zai je da sunan Kano? Birnin da ya haura mutum miliyan huɗu ba shi da magajin gari na mulki, ba shi da asusu, ba shi da hatimi. An yanka shi gida takwas: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo. Ruwan da ya taso daga Gwale ya bi Jakara ba ya tsayawa a iyakar Dala ya nemi izini. Tsarin mulki ya ɗora magudanai da kwashe shara a wuyan ƙananan hukumomi, sannan ya zuba kuɗinsu a asusun haɗin gwiwa wanda makullinsa ke aljihun gwamna. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kai tsaye. An yi ta tafi, amma aiwatarwa ta zama tafiyar hawainiya. Ko da an aiwatar, ciyaman ɗin da albashin ma'aikata da malaman firamare ke lashe yawancin kasonsa, wanda ba a taɓa buga rahoton binciken asusunsa jama'a sun gani ba, babu bankin da zai ba shi ko sisi. Ni ma da kuɗin nawa ne ba zan ba shi ba.

Nijar ta fi mu tsari a takarda. Yamai da Maraɗi da Tawa da Damagaram kowanne birni ne a idon doka, da majalisarsa da magajin garinsa, kuma ƙasar tana da hukumar ANFICT da aka kafa don kai kuɗi ga gundumomi. Amma a Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun ta naɗa kantomomi, bayan da masu ba da rance suka riga suka dakatar da biyan kuɗi na wani lokaci sakamakon juyin mulkin Yulin 2023. Wanda zai ba da bashin shekara ashirin yana so ya tabbata kujerar da ta sa hannu za ta kai badi.

Labarin Dakar ya isa misali. Magajin garin, Khalifa Sall, ya shafe shekaru yana gyara littattafan birnin, aka auna ƙarfinsa na biyan bashi, aka sami lamunin Amurka na rabin kuɗin, aka shirya sayar da takardun bashi na sefa biliyan 20 don gina kasuwa ga 'yan tireda. A Fabrairun 2015, ana saura kwanaki kaɗan a buɗe, Ma'aikatar Kuɗi ta ƙasa ta taka burki. Magajin garin ɗan adawa ne da ake ganin yana hangen kujerar shugaban ƙasa. A ɗaya ɓangaren, Johannesburg ta sayar da irin waɗannan takardu na ayyukan muhalli a 2014, rand biliyan 1.46, Cape Town ta bi sahu da biliyan ɗaya a 2017 tana tsakiyar fari, domin dokar Afirka ta Kudu ta ba birane damar tara harajin gidaje da cin bashi da sunansu. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2013 cewa cikin manyan birane 500 na ƙasashe masu tasowa, kashi 4 cikin ɗari ne kawai kasuwannin duniya ke ganin sun cancanci rance.

Akwai wata matsalar da ba a cika faɗa a rediyo ba, ita ce ta takardar aiki. Mai kuɗi ba ya ba da su don an ce masa "muna fama da ambaliya". Yana son taswirar inda ruwa ke bi, da ma'aunin ruwan sama na shekaru, da zanen injiniya, da ƙiyasin farashi, da lissafin gidajen da za a taɓa da diyyarsu. Haɗa wannan kaɗai kan ci kuɗin da ƙaramar hukuma ba ta da su, don haka take zaune tana jiran kuɗin da sai da takardar za su zo. Wannan giɓi ne ya sa Jamus da Luksambur suka kafa asusun Gap Fund a Satumba 2020 a hannun Bankin Duniya da Bankin Zuba Jari na Turai. Ba ya gina ko kwalbati ɗaya. Masana yake turawa su taya birni mayar da kukansa takardar da banki zai karanta, kuma hukumar birni na iya nema da kanta. Taga ce ƙarama, amma a buɗe take, kuma ina shakkar ko kansila ɗaya cikin ɗari a Arewa ya taɓa jin sunanta.

Sannan dole a bambanta aiki da aiki. Tashar wutar sola tana sayar da wuta ta biya bashinta. Shi ya sa takardun bashin muhalli na farko da Najeriya ta sayar a Disamba 2017, naira biliyan 10.69, yawancinsu suka tafi ga irin waɗannan ayyuka, kuma daga wannan shiri ne Jami'ar Bayero ta sami tasharta ta megawat 7.1 a 2019. Lambatu kuwa ba ya sayar da komai. Ribarsa ita ce gidan da bai rushe ba da yaron da bai kamu da kwalara ba, kuma babu akawun da ke karɓar wannan a matsayin biya. Ga shi rancen da dala ake ci: a Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Jihar da ta ci bashi kafin nan nauyinta ya ninka uku ba tare da ta ƙara bulo ɗaya ba. A ganina aikin kare rai daga ambaliya da zafi kyauta ya kamata ya samu daga waɗanda hayaƙinsu ya dagula yanayin, ko kuma a yi shi da kuɗin gida. Rance a bar wa abin da ke haihuwa.

Kuɗin gidan kuwa muna da tarihinsu, mai daɗi da marar daɗi. Asusun kula da muhalli na tarayya yana nan tun 1981, ana yankar masa kaso daga asusun ƙasa kowane wata, jihohi da ƙananan hukumomi na samun rabonsu. A 2018 kotu ta ɗaure tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, kan karkatar da fiye da naira biliyan ɗaya daga wannan asusu, aka yi masa afuwa a 2022. A Kano, kududdufan da kakanni suka bari suna shanye ruwan damina an cike su ɗaya bayan ɗaya an yanka filaye, kuma da sa hannun hukuma aka yi. Ba Kofanhegan ba ce ta cike su.

Mai daɗin shi ne wanda muka manta. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ta Kano ta jawo ruwan famfo daga Challawa ta kuma kawo wutar lantarki da kuɗin Baitulmalinta. Harajin talakawa ne da jangali, kuma an sha wuya wajen karɓarsu, ba na ɓoye wannan. Amma gari ne mai asusu da akawu da ajiya, wanda ya iya ɗaukar injiniya ya biya shi. A nan Jidda ma, ruwan Ainul Aziziyya da Sarki Abdul'aziz ya jawo daga Wadi Fatima a 1947 waƙafi ne, mai kadarorin da ke ciyar da shi, kuma hukumarsa tana nan har gobe. Mu da muke aika riyal gida kowane wata, masallaci muke ginawa ko mu haƙa rijiya, kuma Allah ya karɓa. Ban taɓa jin an kafa waƙafin shaguna don yashe magudanan unguwa kafin damina ba, alhali kawar da cuta daga hanya sadaka ce da kowane ɗalibin Islamiyya ya sani.

Abin da ya fi burge ni daga waje ƙarami ne. A Kenya gundumomi irin su Makueni da Wajir sun yi doka tun 2015 da 2016, suka ware kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na kasafin ayyukansu a asusun yanayi na musamman, kwamitocin mazaɓu ke zaɓar abin da za a yi, yawanci ruwan sha da na dabbobi. Da masu ba da tallafi suka ga asusu mai doka da littafi, sai suka zubo nasu a ciki, har Bankin Duniya ya faɗaɗa tsarin zuwa ƙasar baki ɗaya. A Nijar ma an gwada makamancinsa da shirin LoCAL na Majalisar Ɗinkin Duniya a Dogon Kirya da Sokorbe cikin jihar Doso: a ba gunduma kuɗi kaɗan, a duba littafinta a ƙarshen shekara, in ta yi da kyau a ƙara mata. Tsarin ya haɗa abu biyun da Jidda ta raba, wato mai lissafi guda da kuma bakin mazauna unguwa. Sukuk ma ba baƙo ba ne a gare mu, tunda jihar Osun ta tara naira biliyan 11.4 da shi a 2013 ta gina makarantu, kuma da naira ake biyansa.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar izinin Baku ko Koriya. Majalisar dokokin Kano na iya yin doka a zama ɗaya ta kafa hukumar magudanai ta birnin duka, ƙananan hukumomi takwas ɗin su zuba kaso, a haɗa da rabon asusun muhalli da wani yanki na harajin filaye, a sa wakilan unguwanni da na kasuwanni a kujerun gudanarwa, a wajabta buga lissafinta kowace shekara da Hausa. Katsina da Sakkwato da Zariya duk haka. Hukumar da ta yi shekara uku da littafi mai tsabta ita ce za ta iya tura takarda Gap Fund, ita ce gwamna zai iya riƙe wa hannu zuwa Abuja, daga can zuwa benen Nuzla Yamaniyya.

'Yan majalisar jiha da ke zuwa Umara duk azumi, ta Jidda kuke sauka, wasunku ma a nan Bagdadiyya kuke sayen tsaraba. Idan kun koma gida, ku gabatar da ƙudurin nan kafin ruwan Yuni ya sauka.